Tarihin Kayan Zaƙi A Ɗakin Bahaushiya

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, na ajiye Alhaji da amaryarsa a gefe, domin wata magana ce ta daɗe tana ci mini rai, wato maganar alkaki da nakiya da sauran kayan zaƙin da iyayenmu suke yi wa iyali da hannunsu. Wata za ta ce to mene ne abin tarihi a cikin alawa? Ni ma da haka na ɗauka, sai da na sha kunya.

A shekarar 2003 na fitar da wani littafi wanda na kafa labarinsa a Kano ta zamanin Sarki Alu, kafin Turawa su ci garin a 1903. A ciki na yi wa 'yar wani attajiri aure, na zage na lissafa garar da aka kai mata, har da cincin daro biyar da tuwon madara da buhunan sukari. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ba ta yi boko ba, amma ba ta yarda a bar ta a baya, don haka ƙanwata ce take karanta mata littattafaina bayan sallar isha. Da aka zo wajen garar sai ta ce a dakata, a kira mata marubuciyar. Na zo na durƙusa, ta dube ni ta ce, "Ke kishiya, a gidan uban wa kika ga cincin a zamanin Alu? Uwata a lokacin aka ɗaura mata aure, kuma har ta koma ga Allah ba ta san wani abu wai shi tuwon madara ba. Ku rubuta ƙaryarku ta soyayya, amma ku bar mana abincinmu yadda yake." Aka yi ta dariya, ni kuwa na tashi jikina a sanyaye, ga littafi ya riga ya shiga kasuwa. Tun daga ranar na shiga tambayar tsofaffi da duba abin da masana suka rubuta, abin da na tsinta shi ne zan ɗan gutsura muku.

Da farko dai, kafin sukari ya zama ruwan dare, zaƙin Bahaushe daga daji da gona yake fitowa. Babbansu zuma, wadda ake rataya amya a kan bishiya a jira ƙudan zuma su shiga, in lokaci ya yi a je da dare da hayaƙi a ɗebo. Zuma ba ta kowa ba ce, shi ya sa take ta sarakuna da attajirai da masu magani, talaka sai da dalili. Na kowa da kowa shi ne maɗi. Ana tara ɗinya nunanniya a jiƙa, a murje, a tace, a ɗora a wuta a yi ta dafawa har ruwan ya ƙone ya yi baƙi ya yi kauri. In aka ci gaba da dafa shi ya yi danƙo, sai a ja shi a yi alawa. Ga garin ɗorawa mai ruwan ƙwai da yara ke lasa har bakinsu ya rine, ga takanɗa da rake da ake sha, ga kanya da magarya da kurna da goriba da aduwa kowanne da lokacinsa. Dabino kuwa ayarin Buzaye ne ke kawo shi daga Azbin da Bilma tare da gishiri da kanwa. Iya ta ce a ƙuruciyarsu in uwa tana son ta faranta wa 'ya'yanta, aya za ta soya ta daka da gero soyayye da ɗan yaji, ta zuba maɗi ko zuma ta dunƙula, shi ke nan an yi dakuwa. Ko ta soya riɗi ta haɗa da abin zaƙi ta yi kantu. Waɗannan su ne na gado.

Sai kashi na biyu, waɗanda suka ƙetaro Sahara a bayan raƙumi. Duk wanda ya san cikin birnin Kano ya san unguwar Dandalin Turawa da Alfindiki. Turawan da ake nufi a nan Larabawa ne, domin kafin zuwan Nasara su ake kira da wannan suna, fataken Gadamas da Tarabulus da suka zauna suka yi aure suka hayayyafa a kusa da kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Baturen nan Clapperton da ya shigo Kano a 1824, da Barth da ya zo a 1851, duk sun tarar da Larabawan nan zaune da gidajensu da harkokinsu. To a ɗakunan girkin gidajen nan ne aka koyi sarrafa alkama, kuma sunayen da kansu sun isa shaida. Alkama daga kalmar Larabci ce ta alƙamhu. Alkaki daga ka'ak, alkubus daga alkubzu wato burodi, gurasa daga ƙursa, gireba daga guraiba, ita kanta alawa daga halawa, sukari daga sukkar. Bakilawa kuwa har yau da kusan wannan suna ake kiran ta a Turkiyya da ƙasashen Larabawa. Dubulan ma yana da 'yar'uwa a Libiya da ake kira dibla, ita ma ƙullun alkama ne da ake murzawa ya yi fale-fale, a naɗe a cikin mai, a tsoma a ruwan zaƙi. Hatta kanumfarin da muke barbaɗawa, sunansa na Larabci ƙaranful, asalinsa kuma tsibiran Indunusiya ne. Ku duba irin tafiyar da ya sha kafin ya faɗo turmin Iya.

Alkama a wancan zamani ba abincin yau da gobe ba ce. Da rani ake noma ta a fadama, a cikin sanyin hunturu, ana ban ruwa da jigo, don haka kaɗan ake samu kuma da tsada. Wannan ne ya sa alkaki da dubulan suka zama kayan fita kunya, sai biki, sai suna, sai Sallah, sai in za a yi wa babban baƙo kyauta. Kuma wannan ne ya sa suka samu wurin zama a cikin gara. Iyayen amarya suna nuna wa dangin ango cewa 'yarsu daga gidan da aka san hannu ta fito, a raba wa dangi da maƙwabta kowa ya ɗanɗana ya sa albarka.

Ita nakiya kuwa hikimarta ta fi ƙarfin kwaɗayi. Shinkafa ake wankewa a jiƙa, a tsane, a daka ta zama gari, a soya garin sama-sama har ya bushe ya yi ƙamshi, sannan a zuba citta da kanumfari da masoro da kimba da ɗan barkono, a kawo zuma da man shanu a yi ta kirɓawa a turmi har ta haɗe. Da yake an kore ruwan da ke cikinta, ga zuma ga mai, sai ta yi wata da watanni a cikin kwalla ba ta lalace ba. Amarya tana ɓoye tata, ranar da baƙi suka yi mata dirar mikiya ta gutsuro ta fita kunya, in ta haihu yaro ya fara cin abinci a dama masa. A zamanin da babu firij babu kanti, nakiya ita ce ajiyar mace.

Sai shekarar 1911, wadda abubuwa biyu suka faru a cikinta. A shekarar ne Italiya ta kai wa Tarabulus hari ta kama ta, a shekarar ne kuma titin jirgin ƙasa ya iso Kano. Hanyar Sahara da ta riga ta fara rauni sai ta ƙarasa mutuwa, fuskar ciniki ta juya Kudu. Jirgin da ke kwasar gyada ya kai bakin teku shi ne yake dawowa da kayan kanti, ciki har da sukarin Turawa. Ita ma gyadar baƙuwa ce in aka bi asali, daga Kudancin Amurka jiragen ruwan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka, mu gujiya muka gada. Amma daga 1912 da cinikinta ya buɗe, har aka kai ga dalar gyada irin ta su Alhasan Ɗantata, sai ta cika kowane gida. Mata suka samu man suya mai araha wanda suke matsewa da hannunsu, ga ƙuli-ƙuli, ga tunkuza, ga kantun gyada. Suya kuwa ta zo hannun talaka.

A ƙasar Zazzau kuma, wajen Maƙarfi da Kudan da Hunƙuyi inda fadamun rake suke, injin ƙarfe na matse rake wanda doki ke juyawa ya bazu a zamanin Turawa. A matse ruwan, a dafa a manyan kasake, a zuba a ƙananan tasoshi ya daskare, ga mazarƙwaila. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, da sukarin waje ya yi wuya, kasuwarta ta ƙara buɗewa. Iya ta ce ita da mazarƙwaila aka yi nakiyar aurenta, aka ɗan ɗiga zuma don albarka, kuma har ta tsufa tana cewa farin sukari zaƙi ne kawai babu ƙamshi.

Bayan samun 'yancin kai a 1960 sai masana'antu suka shigo cikin maganar. Kamfanin fulawa na Apapa ya fara niƙa a 1962, daga baya aka kafa wani a Bompai a Kano. An buɗe kamfanin sukari a Bacita a cikin shekarun 1960, sannan na Numan ya biyo baya. Madarar Peak ta gwangwani ta riga ta shigo tun 1954, ga Nido ta gari, ga bota Blue Band, ga sukarin St. Louis na kwali mai ƙwaya-ƙwaya da ake kai wa mai jego da marar lafiya. A wannan zango ne cincin ya hauro mana daga Kudu tare da matan ma'aikata da 'yan makarantar kwana da malaman koyar da girki, ya samu shiga har ya zauna daram a cikin gara kamar da shi aka fara. Kwakumeti ma sai da kwakwa ta riƙa zuwa daga Kudu a mota. Tuwon madara da gullisuwa da iloka kuwa 'ya'yan madarar kanti ne, ba yadda za a yi su girmi zuwanta. Sai dai a nan dole a jinjina wa matan Hausawa, domin Bature ya kawo madarar gari don a sha shayi, su kuma suka dafa sukari ya yi danƙo suka tuƙa ta a ciki kamar tuwo, suka shanya a faranti suka yanka. Wata kuma ta kwaɓa ta da sukari ta mulmula ƙanana ta soya a mai a wuta kaɗan-kaɗan har ta yi ja, aka samu gullisuwa. Da Cowbell ta fito da madara a ƙaramar leda a 1993, sai ya zama ko mai jarin naira kaɗan za ta iya ɗora tukunya.

Kada kuma a ɗauka duk don kwaɗayin yara ake wannan wahala. Matar da ke cikin kulle ba ta zuwa kasuwa, sai ta mayar da ɗakinta kasuwa. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a 1967, ta yi rubutu a kan irin cinikin da mata ke yi daga cikin gida ta hannun yara, wanda mai wucewa a titi ba zai taɓa gani ba. Mu ba sai an rubuta mana ba, a ciki muka tashi. Da ribar dakuwa da alawa ake zubin adashi, da adashi ake tara kwanuka da tasoshi na kayan ɗakin 'ya mace. Da aka buɗe makarantun firamare na kowa da kowa a 1976, bakin kowace makaranta ya zama 'yar kasuwa. Ni na shiga firamare a ƙarshen shekarun 1980, kuma har yau ina iya lissafa abin da ke kan farantan nan: hanjin ligidi, carbin malam, tsami gaye, ɗan tamatsitsi, alawar madara, kantu. Mahaifiyata tuwon madara take yi, ni nake kai wa makaranta a cikin wani farin bokiti, gefen da ya karye shi ne ladana. Da kuɗin nan aka saya mini littattafan Hausa na farko da na fara karantawa, don haka in na ce alƙalamina da sukari aka saye shi ban yi ƙarya ba.

Na kuma shaida lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama daga waje a 1987, hanin da bai tashi ba sai 1992. Fulawa ta yi tsada, burodi ya ƙanƙance, cincin ya ja baya a gidaje da yawa. Sai ga alkamar Kadawa, wadda ake nomawa da ruwan madatsar Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta samu daraja. Tsofaffi irin su Iya suka yi ta murna, domin alkaki da ma ba ya son fulawa, alkama yake so a ɓarza ta da ɗan tsakinta. A shekarun nan duk bikin da aka yi a danginmu a tsakar gidanmu ake aikin gara. Mata goma sha suna zuwa tun da hantsi, turmi uku yana tashi lokaci guda, wasu na murza wasu na suya, ana yi ana tsokanar juna, a kwana uku ana abu ɗaya. Mu yara muna gefe muna jiran wanda ya ƙone. Ba wanda ya taɓa zaunar da wata ya ce yau zan koya miki, da ido da hannu ake ɗauka.

To a nan ne ni na yi sake. Lokacin da ya kamata in zauna kusa da turmi, ina ɗaki ina cika takarda da labarin masoya. Iya ta rasu a 2009, ban taɓa murza alkaki ɗaya a gabanta ba. Da aka sa ranar auren babbar 'yata a 2024, ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023 ta taɓa sukari da fulawa da man gyada, sai na bi yayi, na ba wata mai yin na sayarwa kwangila ta waya, na tura kuɗi, aka kawo kaya a robobi masu kyau da ƙyalli. Allah ya taimake ni an kawo da sauran kwana goma. Kwana huɗu da kawowa na buɗe robar alkaki sai na ji wani wari, cikinsa ɗanye, ya fara furfura. Nakiyar kuwa da na gutsura sai ta wargaje kamar garin kwaki. Na zauna a tsakar ɗaki na rasa abin da ke mini daɗi, ga kuɗi sun tafi, ga dangin miji da za su buɗe kayan nan a gaban jama'a.

Da daddare na tafi cikin gari wajen Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage a cikin masu hannun Iya. Na gaishe ta na faɗa mata abin da ya faru. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ai da tsohuwar zuma ake magani, 'yar nan. Gobe ki sayo alkama kwano biyar ki kai a ɓarza, kada ki yarda a niƙa ta yi laushi. Ki taho da 'ya'yanki mata duka, har amaryar, don ni ba zan yi muku ba, gwiwa ta ƙi. Baki zan sa, ku ku sa hannu."

Haka aka yi. Tana zaune a kan tabarma da carbinta tana ba da umarni. Muka murje ɓarzajjiyar alkamar da mai har ta jiƙu, muka kwaɓa da ruwan tsami da tauri, aka rufe ta kwana. Da safe ta sa aka ɗiga ruwan kanwa don ya kashe tsamin, aka kirɓa a turmi har ƙullin ya yi danƙo yana biyo taɓarya. Wajen murzawa ne aka sha dariya, nawa yana tsinkewa, na amarya ya fi kama da igiyar shanya, ƙaramar 'yata mai shekara goma sha biyu ita ce ta fara naɗe shi daidai. Da na cika wuta Gwaggo ta daka mini tsawa, ta ce gaggawa ce ke sa baya ya yi ja ciki yana ɗanye, kuma ɗanyen cikin nan shi ne ya ɓata wancan na roba. Ruwan sukarin kuma sai da aka sa masa tsamiya, ta ce in babu tsami sukari komawa yake ƙanƙara ya yi fari a jikin alkaki. Kwana uku muka yi, muka haɗa da nakiya da dubulan, maƙwabta suka ji sautin turmi suka shigo taya mu ba tare da an kira su ba. Gara ta tafi, ba ta kai ta littafina yawa ba, amma surukar 'yata ta aiko a tambaye ni wace ce ta yi alkakin.

Ba ina cewa a daina saye ba ne. Masu yin na sayarwa 'yan'uwanmu ne mata, da yawansu sun iya ƙwarai, kuma sana'ar da iyayenmu suka yi ce ta koma cikin waya. Ban kuma manta da cewa zaƙin da kakanninmu ke gani sau biyu ko uku a shekara mu kullum yana gabanmu ba, ga ciwon suga ya shiga gidaje, mahaifiyata da ta tuƙa tuwon madara shekara ashirin yau ko shayi ba ta sa wa sukari. Zuma da zaƙi da harbi. Abin da nake jin tsoro shi ne a wayi gari a dangi guda babu mace ɗaya da ta san yadda ake kwaɓa alkaki, domin wannan ilimi ba a rubuce yake ba, a tafin hannun tsofaffi yake, kuma kullum raguwa suke yi. Wadda duk take da irin Gwaggo a gida, ta sayi alkama ko tiya ɗaya ce ta je ta zauna kusa da ita, ta tafi da 'ya'yanta.

Ni dai yanzu duk jajibirin Sallah muna yin kwano ɗaya a gidana, rabi na yara rabi na maƙwabta, ana kai wa Gwaggo nata ta ɗanɗana ta faɗi inda muka kuskure. Bara ta ce kanwa ta yi yawa. 'Yan'uwana marubuta kuma, in za ku aurar da 'yar attajiri a zamanin Sarki Alu, ku ba ta alkaki da nakiya da tulun zuma, ku bar cincin sai jikokinta. Allah ya jiƙan Iya da dukkan magabatanmu, ya sa albarka a hannun matanmu. Sai mun sake haɗuwa, wassalam.